Tafin Takalmi a Dutsen Geumjeong

Ƙarfe bakwai muka haɗu a bakin tasha,
mu huɗu, ragowar layin ɗinki na uku
na masana'antar takalman da aka rufe a Busan
tun 'ya'yanmu suna firamare.
Mal-sun ta zo da sanda biyu da gwiwa ɗaya mai aiki.
Bok-hui ta zo da bakinta.
Ok-bun ma ta zo.
Ba wanda ya gaya mini za ta zo.

Shekara goma sha ɗaya rabona da gaisuwarta,
tun watan da kwasar adashi ta zo kaina
ta riga ni, ta toshe bashin mijinta da ita.
Ta biya daga baya, kaɗan-kaɗan,
cikin ambulan, ta hannun Mal-sun.
Kuɗi ya dawo gida.
Magana ce ta ɓata a hanya.

Muka kama hawa.
Na sa Mal-sun a tsakaninmu kamar danga.
Itatuwa masu ganye kamar allura
sun zubar mana da shimfiɗa mai ƙamshi,
ruwa na gudu a ƙarƙashin manyan duwatsu,
kunne na jin sa, ido bai isa ba.
Can ƙasa ƙararrawar Beomeosa ta buga sau ɗaya
ta daɗe ba ta gama mutuwa ba.

Samari na wuce mu, suna ɗan rusunawa.
Bok-hui ba ta duban fuska, ƙafa take duba:
"Wancan gam ya yi masa kaɗan,
ba zai ga damina biyu ba."
Muka yi dariya, mu uku.
Ta huɗun na haɗiye ta da ruwa.

Dab da Ƙofar Arewa,
inda tsohuwar ganuwa ke bin ƙashin bayan dutse,
tafin takalmina na hagu ya buɗe baki,
yana laƙwam-laƙwam kamar harshen kare.
Ni da na manna tafi ya fi dubu ɗari!
Ɗan jima da ƙafar kututture.

Na zauna. Ban kira kowa ba.

Ok-bun ta durƙusa, gwiwoyinta suka yi ƙas,
ta zare igiyar hularta da haƙori,
ta ɗora ƙafata a cinyarta
kamar jiya muka rabu.
Zagaye uku, a soka ta ƙasa, a ja,
ƙullin layi na uku, wanda ba a koyarwa a ko'ina.
Sai na ga yatsan.
Manunin da inji ya gutsure wata Talata,
ni na naɗe shi da ƙyallen kaina,
ni na riƙe ta a bayan mota tana kiran uwarta.
Na riƙe lissafin ambulan tsaf,
wannan kuwa na bar shi ya shige ciyawa.

"Taka mu gani," in ji ta.
Takalmin ta gaya wa, ba ni ba.

A ƙololuwa gajimare ya riga mu zama.
Babu teku, babu kogin Nakdong,
babu komai sai fari da numfashinmu.
Mal-sun ta ce dama ba kallo ya kawo ta ba,
ta kwance shinkafa naɗe a ganyen teku,
dafaffen ƙwai, kokwamba, shayin sha'ir mai ɗumi.
Na ɓare lemo.
Ya rabu gida biyu da kansa,
to me zan yi da rabin?

Ta karɓa da hannun nan mai yatsa huɗu da rabi.
Ta ce da tsami.
Ta cinye.

A gangara ita ce a bayana,
idonta a diddigena,
"Bi ta dama, akwai santsi,"
"A hankali, ke ba yarinya ba ce."
Bok-hui na gaba tana zagin gwiwar Mal-sun,
Mal-sun na rama wa gwiwarta.

A jirgi, tasharta ce ta fara zuwa.
Ta miƙe, hular ba igiya tana zamewa,
ta ce, "Kafin Asabar ki sayi sabo."
Na dubi ƙullin, duk laka.
Na ce, "Wannan ma zai kai."