Kati Ɗaya, Suna Biyu

Ka tuna ran nan a banki, Tanimun?
Sanyin na'ura na hura mana ƙeya,
mai taye ya turo takarda ya ce, "Nan, da nan."
Ka ja sa hannunka dogo kamar jelar ƙadangare,
na sa nawa a ƙarƙashi, ɗan mitsitsi.
Ya ce, "Madam ce?"
Ka ce, "Saura kaɗan."
Na yi dariya cikin mayafi.

Saura kaɗan ɗin nan ne ya sayi firigo
don in riƙa kai ƙanƙara Kasuwar Dole.
Shi ya sayi babur ɗin kabu-kabu,
da waya mai ido uku,
da katifa mai tashi goma
don ɗakin Garin Malam da muka je gani sau biyu,
har ka auna taga da taƙin hannu.
Kati dai ba ya nauyi a aljihu.
A zura, a danna, a tafi.

Yanzu zo mu yi rabo, tunda ba ka nan.
Babur naka ne, yana Agadas tare da kai.
Firigo nawa, yana zauren Inna,
yana gurnani duk sanda aka kawo wuta.
Wayar, da ita kake ƙin ɗaukar kirana.
To katifar fa?
Tana jingine da bango, ledarta ko ɓalli babu.
Wa zai biya kuɗin barcin da ba a yi ba?
Da balangun daren sallar nan,
wanda ka ci tsoka, na ci kitse,
a shafin wa za a rubuta shi?

Na koma wajen mai taye.
Na ce masa mun rabu.
Ya duba allonsa, ya ce babu gidan da ake rubuta wannan.
Na ce to a yanka biyu, in ɗauki rabina.
Ya ce, "Malama Zuwera, ba rabi kuka sa wa hannu ba.
Kowa ya ɗauki duka.
Wanda muka gani, shi muke bi."
Ni kuwa ana ganina:
albashin unguwarzoma ta ƙofarsu yake shigowa.

Da aure ne, da akwai waliyyi,
da shaidu waɗanda suka ci goro,
da an zauna a tabarma an ce wannan naki, wannan nasa.
Da akwai idda, wata uku a gama.
Wannan ba shi da idda.
Kawu Ciroma ya saurara har ƙarshe,
ya kaɓe rigarsa ya ce,
"Igiyar da ban ɗaura ba, yaya zan kwance ta?"

A Damagaram famfo kan kwana huɗu bai ɗiga ba,
muna bin ƴan garuwa da roƙo,
amma ruwan bashi bai taɓa ɗaukewa ba.
Yana hawa ko da rani,
yana hawa ina barci.

Jikka arba'in da biyu, kowane ashirin da takwas ga wata.
Saƙon kan zo ina tsakiyar aiki,
hannuna cikin safa, wata na naƙuda,
waya ta girgiza a aljihu, na san ko wane ne.

Watan jiya ka turo jikka goma,
ba sallama, ba suna.
Na so in mayar maka. Wallahi na so.
Sai na tuna fushi ba ya rage lissafi,
na kai musu da ɗuminsa.

Katin kuwa na sa masa almakashi.
Bai yi jini ba, bai rage ko dala ba.
Ɓarin da ke da sunana na jefa a masai.
Ɓarin naka na ajiye:
da shi nake kankare ƙanƙarar da ta kama bangon firigo
kowace asuba, kafin yara su zo ɗauka.
Yana aiki sosai, Tanimun.

Saura wata sha bakwai.
Ban ce kaɗan ba.