Ta Bayan Katanga

Katanga ɗaya ce tsakanina da su a Wusasa,
ta jar ƙasa, damina ta cinye mata kafaɗa.
Ni ɗinki nake yi. Ban san kan kiɗan Turawa ba,
sai dai kunne ba ya sallama kafin ya shiga gidan maƙwabci.

Bayan la'asar, in inuwar Kufena ta fara miƙe ƙafa,
Rifkatu takan ɗaga murfin fiyano,
tsohon akwatin da wata likita ta bar mata
ranar da ta ɗaure kaya za ta koma ƙasarsu.
Malam Dogara ya goga wa izga ƙaro,
ya kwantar da gogen nan mai tsirkiya huɗu ƙarƙashin haɓa
kamar mai lallashin jinjirin da ya ƙi barci.

Ita ke farawa.
Ɗis, ɗis, kamar indararo bayan an ɗauke ruwa.
Shi sai ya shigo a makare, da dogon numfashi,
zare ɗaya, ja ba tsinkewa.
Na san zare.
Na san wanda aka fizga da fushi,
na san wanda aka ja da tsoron kada yadi ya ji ciwo.

Babu kalma ko ɗaya a ciki,
amma na ji tambaya, na ji an share ta,
na ji gardamar kuɗin cefane ta hau sama ta sauko,
na ji wani ya fita ya bugo ƙofa,
ya dawo ya tsaya a bakinta.
Bai ce a yi haƙuri ba. Ya dai tsaya.

Fiyanon na da haƙori guda da ya mutu,
fari, can wajen hannun dama.
Gara ce ko laimar Agusta, oho.
In yatsa ya faɗa kansa sai ka ji ƙwas, katako zalla.
Damina uku ina jin kiɗan nan kafin na gane:
duk sanda ta iso wannan giɓin
shi ne ke barin hanyarsa
ya zuba mata muryar da ta ɓace,
ya koma kamar bai je ko'ina ba.

Wani ɗalibi daga Samaru ya kawo wando in rage masa tsawo,
ya kasa kunne, ya kwashe da dariya:
"Ai ba haka aka rubuta shi ba, Baba.
Nan wurin gudu ake yi, su kuwa hawainiya suka hau."
Na ciji zare ban tanka ba.
Bai ga hannun hagun Rifkatu ba tun ciwon bara,
yadda yake isowa bayan kowa ya watse,
kamar fasinjan da jirgi ya bari a tasha.
Bai san tsohon ya koyi riƙe sauti ɗaya ba
har izgar ta kusa ƙarewa,
har damtsensa ya ɗauki rawa,
yana jira.

Ni da Hansatu kwana huɗu ke nan ba ma ga-maciji
kan wata magana da na ma manta farkonta.
Jiya an ɗauke wuta tun azahar.
Kiɗan ya tsallako katanga ya same mu a tsakar gida,
tana tsintar wake, ina fama da hannun riga.
Idona yanzu ba ya ganin kafar allura,
ban taɓa faɗa wa kowa ba.
Na jawo akwatin keke zan soma lalube,
sai ga allura uku jere a jikin ƙyalle,
kowace da zarenta, baƙi, fari, shuɗi,
an ma ƙulle bakinsu.

Ba ta ɗago kai ba.
Can bayan katanga fiyano ya iso giɓinsa.
Na riƙe numfashi.