Sidi Biyu, Minti Goma

Shagona kwantena ce shuɗiya a bakin gotar Aboabo,
talabijin huɗu, benci biyu, fanka ɗaya mai tari.
Na rubuta da alli a ƙofa: sidi biyu, minti goma.
A ƙasa na ƙara: ba bashi, ba zagin uwa.

Malam Zakari mai gyaran agogo, maƙwabcina,
ya ce: Mumuni, kai lokaci kake sayarwa,
lokacin ma na masu saye ne,
kamar mai sayar wa mutum ruwan rijiyar gidansu.
Na yi dariya.
Da dare, da na kwanta, ban yi ba.

Domin na ga Sharhabilu.
Kuɗin gero aka ba shi, uwarsa koko take sayarwa a tasha.
Ya zube min su a tebur, tsaba, suna ƙamshin citta,
ya ci ƙwallo goma sha ɗaya a cikin gilashi,
ya tafi gida hannu na dukan cinya.
Washegari tukunya ba ta hau murhu ba.
Inna Zaliya ta tsaya a ƙofata, ba ta ɗaga murya ba,
fankar nan ta zuba wa ido,
ta ce: ita ma tun safe take gudu, ba ta je ko'ina ba.
Na mayar mata da kuɗinta.
Cinikin safiyar fa? Shi ba ya cikin aljihuna.

Amma na ga Fuseni.
Ƙafarsa ta hagu tun yana goye ta shanye,
a filin makaranta aikinsa gadin takalma.
A nan sai ya jingine sanda a jikin ƙarfe,
manyan yatsunsa su zabura,
ya yanke na farko, ya bar na biyu a zaune,
yaran da ba su taɓa zaɓensa ba
su yi ta kiran sunansa har fasinjojin tiro-tiro su waiwayo.
Wa zai ce masa asara ya saya?
Ni dai bakina bai kai ba.

Akwai Isaka kuma, shekara talatin,
takardar digiri a leda, takalmi ya sha ƙurar Adum.
Bayan la'asar yake zuwa ya yi yaƙi da mutanen hoto.
Ya ce: nan kaɗai ne a Kumasi
in ka danna, ƙofa take buɗewa.
Ban sani ba, magani nake ba shi ko barci.

Ran nan Alhamis aka ɗauke wuta.
Duhu ya zauna a kan bencin tare da mu.
Sai ga kukan kwaɗin gota,
ashe kullum suna nan.
Muka fito, muka tarar da Malam da tsofaffinsa
sun dunƙule kan dara a hasken aci-bal-bal,
tun isha'i, shayi ya huce a gefe.
Na ce: Malam, naka lokacin wa ya saya?
Bai ɗago ba. Ya tura ɗa, ya ci biyu,
ya ce: mu idon juna muke kallo.
Fuseni daga baya ya ce: mu ma benci ɗaya ne, Baba.
Ba wanda ya ƙara magana.

Yanzu allina ya ƙara layi biyu:
mai kayan makaranta ya wuce,
in ladan ya kira, gilashi ya yi shiru.
Sauran tambayar na bar ta, tana juyawa da fanka.

Jiya Malam ya kawo min agogon bango, kyauta,
da hannunsa ya kafa shi saman talabijin.
Na lura yana sauri da minti ɗaya a kowane goma.
Shi bai ce komai ba.
Ni ma ban mayar masa gyara ba,
sai dai in Fuseni ne a kan benci,
nawa na hannu nake dubawa.