Ɗigo-Ɗigo

A Shyamnagar teku na shiga gona ba sallama,
har rijiyarmu ta koyi ɗanɗanonsa.
Ni Mojibor, mai gadin tafkin jatan lande,
na san gishiri a kaushin ƙafa, a tsagar leɓe,
ban san yana samun hanya
zuwa jinin ɗan wata bakwai ba.

Kwana uku Tuhin na zawo.
Morjina ta yage ƙunshin garin gishiri da sukari.
Takardar ta ce rabin lita.
Ita ta ce, "Ɗana ya jigata, bari in yi masa mai ƙarfi,"
ta dama duka a kofin shayi.
Ƙauna ce ta rage ruwan.
Wa ke da bakin yi wa ƙauna faɗa?

Ya sha yana dadasa bakin kofi,
ya nemi ƙari, muka ƙara,
muka ce mai sha haka ai ya kama hanyar warkewa.
Can cikin dare kukan ya sirance, ya yi tsini
kamar ƙusa a kan kwano.
A taɓa shi, ya zabura. A ƙyale shi, ya yi laƙwas.
Tsummansa a bushe tun azahar.

Na tuƙa kwalekwale babu fitila.

A asibiti, Bithika mai jinya ta matsa fatar cikinsa,
ta kama yatsana ta ɗora: "Ji nan."
Kamar kwaɓin fulawa da ya kwana.
"Bai zube irin na sauran yara ba, shi ya ruɗe ku.
Gishirin jini ya zuƙe ruwan tsoka,
ya zuƙo har na ƙwaƙwalwa.
Ido na ganin cika, ciki kuwa fari ake."

Na ce to a zuba masa, a juye jakar duka!
Ta dube ni kallon wadda ba ta runtsa ba:
"In madatsa ta ɓalle kan busasshiyar gona,
shuka ke sha ko ambaliya?
Ƙwaƙwalwar da ta ƙanƙance, in aka gaggauta mata,
kumbura take, yaro ya hau jijjiga.
Kwana biyu. Ɗigo-ɗigo."

Sai na zauna ƙirga.
Ni da ke auna ruwa da tsawon gora,
na koma auna shi da ƙiftawar ido.
Sukan zo su ɗebi jini, su dawo da lamba,
lambar na saukowa kamar tsohuwa a kan tsani.
Morjina ba ta ci ba. Ba ta dube ni ba.
Na ce mata, "Ni ne na riƙe kofin."

Daren na biyu, wajen kiran sallar farko,
ta yi wata 'yar ƙara, na miƙe a firgice.
Cinyarta ce ta jiƙe, ɗumi na bin zanenta.
Ban taɓa ganin mai dariya saboda fitsari ba
sai ran nan, har da ni.

Ya laluba nono, ya kama.

Yau akwai kwalba a rataye jikin ginshiƙinmu,
na cika ta da ruwan sama daga randa,
na ɗaura jan zare daidai rabin lita.
Maƙwabta kan zo aro.
Ba na bayarwa sai na nuna zaren.