Kiɗan Haƙarƙari

Illa likitan bisashe ya ce: kar ka mare shi, Baba.
Lanƙwasa tafin hannunka
kamar mai shan ruwa ba moɗa,
sannan ka kife shi bisa haƙarƙari.
In ka ji fas-fas, ka ɓata.
In ka ji kuf-kuf, kamar ƙwarya a kife kan ruwa,
to majina ta ji sallama.

Na komo Garkawa da kwalba a aljihu,
jika biyu sun tafi.
Ƙyale-su na biye da ni,
taku goma ya tsaya ya yi tari
irin na tsohon injin ban-ruwa
da ya ja iska maimakon ruwa.

Bayan isha'i Tsahara ta tafasa ruwa a tukunyar tuwo,
ta dire a ƙofar ɗakin iri,
ta ce ita ba ta gani ba.
Na ja ƙyaure.
Ni da shi da tururi da warin albasar bara,
har gashin wuyansa ya jiƙe,
har tabarauna ya makance.

Sannan na durƙusa.
Dama, sai hagu.
Ban da gadon baya, ban da ciki,
ban da lokacin da ya ƙoshi.
Ƙasusuwansa suna ƙirguwa ƙarƙashin hannuna
kamar karan danni bayan damina.

Nomau ya leƙo ta katanga:
an ce ka zama makaɗin kare?
Na ce shekara tara yana kwana a garkata ta Tadis,
akuya ba ta ci ba, ɓarawo bai ɗauka ba,
bai taɓa zuwa mini da maganar la'ada ba.
Kai fa?
Ya sauke kansa. Na ji yana dariya a can.

Abin da ban gaya masa ba:
Attahiru ya kawo shi cikin kwalin sukari
daga kasuwar Abalak, ido bai gama buɗewa ba.
Ran da zai hau motar Abijan ya ce,
riƙe mini shi, Baba, damina ɗaya.
Biyar ke nan na ƙirga.

Kwana na shida ƙirjin ya saki.
Na zagaya da shi tsakar gida sau uku,
ya turje, ya kakaro, ya tofar,
ya dube ni kamar ni na yi.
Na rufe da ƙasa, na wanke hannu da sabulu,
na yi alwala.

Da asuba saƙon murya ya shigo.
Lafiya lau, Baba, aiki da godiya,
kuɗin taki sai ƙarshen wata.
Tsakanin godiya da kuɗin taki
ya kau da baki ya yi tari, sau biyu,
mai nauyi, daga ƙasa.

Na sake kunnawa.
Ƙyale-su ya ɗaga kunne.
Tsahara ta tsaya da tsintsiya tana kallon hannuna:
ashe ya lanƙwashe da kansa
a kan gwiwata.