Zugazugi don Jar Mota

A Setubal, bayan kasuwar kifi,
inda iskar teku ke cin ƙarfe a hankali,
nan garejin Belmiro yake.
Na je da gwangwanin biskit a hammata,
yuro dubu biyu da ɗari uku a ciki,
kuɗin aikin dare a asibiti,
juya tsofaffi, canza zanen gado,
har gari ya waye a idona.

Motar ja ce, kujera biyu,
ta girme ni da wata huɗu.
Babana ya bar mini ita tare da bashin haya
da warin tabarsa a soson kujera.
A miƙaƙƙen titi ba ta da laifi,
amma ta doshi hawan Arrabida
sai haki kamar mai asma,
motar burodi ma ta yi mana ham, ta wuce.

Na ce, "Sufacaja nake so."
Ya goge hannu da tsumman da ya fi hannun baƙi.
"Zugazugi kike nufi, Zulmira.
Inji maƙera ne:
ƙara masa iska, wuta ta tashi.
Sai dai wuta ba ta san na gida ba."

Uku ya nuna mini.
Na farko a takarda yake, hoto kawai,
ƙarafa biyu masu murɗa iska kamar igiya.
Na ga farashin,
na kalle shi yadda nake kallon jiragen masu kuɗi
daga bakin gaɓa ranar Lahadi.

Na biyu kamar dodon koɗi,
ba ya farkawa sai inji ya kai ƙarshen murya.
"Na masu tsere ne," in ji shi.
"Dutsenki kuwa kwana ta fi miƙe yawa."

Na uku ya jawo daga ƙarƙashin benci,
an ciro shi daga wata motar Jamus
da ta sumbaci turken fitila.
Da tabo a gefensa.
Ya juya shi da ɗan yatsa, ya kara kunne,
ni ma na kara,
sauraron ƙirji ai aikina ne.
Ba ƙara, ba gurnani.
"Ɗari bakwai. Tun daga ƙasa yake turawa,
amma yana da zafin rai."

Na fara murna, ya ɗauko alli.
Bel. Abin sanyaya iska. Alluran mai.
Kuloci, don tsohon ba zai jure ba.
Yaron Barreiro mai saita kwamfuta.
Takardar masu duba mota.
Allon ya cika, gwangwani ya rame.
Wanda ya sayi rariya
ya san za ta zubar da ruwa,
ban yi gardama ba.
Saura yuro arba'in, har na miƙa hannu.

Sai ya durƙusa, ya leƙa bayan taya,
ya daɗe a can.
"Yaushe rabon a canza birkin nan?"
Na yi shiru. Babana ma da shiru zai yi.
"Duk abin da ya hau Arrabida," ya ce,
"sai ya sauko."

Ranar na sayi birki da tayoyi huɗu,
na ajiye ɗari biyu kafin alƙalami.
Ya rubuta sunana da alli a jikin zugazugin,
ya ɗora shi kan kanta,
kusa da rediyo da gwangwanin sadin.

Jiya ma motar burodi ta wuce ni a hawa.
Na ɗaga wa direban hannu.
A gangara na taka, ta tsaya cak,
teku shuɗi a ƙasa, bai samu komai ba.
Na karɓi aikin dare har watan Maris.