Abin da Ke Bakinta

Ranar da Zabairu zai tafi Damagaram karatu
akwatin gilashi ya bar mini, gefen keken ɗinkina,
da takarda manne a bango, rubutun kamar sawun kaza:
Inna, kar ki zuba ruwan robine kai tsaye,
bar shi ya kwana a bidon, maganinsa ya fita.
Duk Juma'a ki kwashe kashi ɗaya cikin huɗu, ki mayar da sabo.
Abinci, abin da yatsu biyu suka ɗauka.
Ko sun roƙe ki, kar ki ƙara.

Ni da na san kifi cikin miya kawai.

A Katako aka yanka masa gilashin,
jikka goma sha biyu har da gam.
Yashin na bakin kogi ne, sau bakwai ya wanke shi.
Duwatsun ya jera su ɗaki-ɗaki kamar gidan haya,
wai karfasa ba ta son ganin maƙwabci.
Gaskiyarsa.
Babban namijin nan mai jan maƙoshi
ya kama kusurwar gabas ya ce tasa ce,
yana ɗiban yashi da baki yana tofarwa
har ya haƙa rami kamar kasko.
Wanda ya gitta ya sha kora.
Na sa masa suna Biyar-ga-Wata,
don haka mai gidanmu yake ɗaure fuska ranar.

Sai Afrilu ya sauka a Bukoki.
Ƙarfe biyun dare kuran ya ɗauke,
injin kumfa ya yi tsit.
Shirun ne ya tashe ni.
Na haska tocila: duk sun taso sama, baki buɗe,
kamar fasinjoji a tagar faba-faba.
Na ɗauki moɗa, in ɗiba, in kwararo daga sama,
in ɗiba, in kwararo,
har aka kira assalatu, kafaɗata ta mutu.
Da safe na sayo ƙanƙara a leda wurin Sahiya
na bar ta tana yawo a kansu.
Duk da haka ɗaya ta tafi, ƙaramar mai tabo a wutsiya.
Na binne ta gindin zogale.
Ban faɗa masa ba.

Bayan sati uku wata ta daina cin abinci.
Ta laɓe bayan dutse, haɓarta a kumbure,
tana tauna abin da ban gani ba.
Kwana huɗu. Na kira shi, muryata na rawa.
Dariya ya yi, ja'irin:
Inna, ƙwai ne a bakinta!
Sati biyu za ta yi haka, ba ci, ba tofarwa.

Na ajiye wayar na ja kujera kusa da ita.

Wata Talata, ina kalmasa bakin zane,
ta buɗe baki.
Suka watsu kamar an zubar da gero,
kowanne bai kai kan allura ba, sai ido.
Inuwata ta faɗa kan gilashin,
kafin in ƙifta ta kwashe su duka, ta rufe.
Haka kullum, har ranar da suka zo mata a guje
bakin bai ɗauke su ba.
Ta juya, ramammiya, ta ci abincinta.

Jiya ya sake kira.
Inna, lafiya dai?
Kuɗin haya da aka ƙara suna bakina,
da gwiwar nan, da mai tabo a wutsiya,
da yadda ɗakin ya yi mini faɗi.
Na juya su da harshe, na ce lafiya lau,
sun kai talatin yanzu, ina zan sa su?

Ya ce in ya zo hutu zai yanko wani gilashin.

Yau Juma'a.
Na zuƙi tiyo, ruwan ya biyo, na tofar,
bokiti ya cika, kore-kore, mai ƙarni.
Zogalen ya fi na kowa ganye a layin nan.
Sahiya sai tambaya take me nake ba shi.